Tsakar gidana ƙafa 14 ce da 20: in shafe da siminti ko in bar wa shuka wuri?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin maigida ya kira magini ranar Asabar. Tsakar gidanmu a Tudun Jukun, nan Zariya, ba wani girma gare ta ba, ƙafa 14 ce da 20, kuma a cikinta ga rijiya a kusurwa, ga igiyar shanya, ga inda nake girka murhun gawayi. Da damina taɓo ya hana mu sakat, yara su kwaso shi har kan gado. Shi maigida cewa ya yi a shafe ko'ina da siminti kowa ya huta. Ni kuma ko zogale biyu ne da alayyafo da ɗan na'a-na'a ina so, na gaji da aiken yaro bakin titi saboda ganyen miya. Muna da ragowar bulo inci 9 guda 40 da suka saura daga ginin katanga, da tarin fasassun jan bulo da maƙwabcinmu ya ce mu kwashe. Akwai dabarar da za a yi ni da shi duk mu samu abin da muke so?

Baba Magini na Kwarbai: Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye maganar siminti da shuka tukuna. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ina ruwan gidan yake bi? Rariya tana wane gefe? Kwanon ɗakunan cikin gida yake zubowa ko waje?

Maman 'Yan Biyu: Baba ina wuni. Ɗakuna biyu duk tsakar gidan suke zubowa. Rariya tana gabas, gefen ƙofar zaure. Amma ruwan ba ya zuwa can sai mun kora da tsintsiya, wajen rijiya yake taruwa ya kwanta.

Baba Magini na Kwarbai: To ga ciwon nan. Ko buhu goma aka zuba a haka, wajen rijiya ruwan zai ci gaba da kwanciya, sai dai maimakon taɓo ki samu kududdufi mai santsi. Kuma ruwan da ya wanke tsakar gida yana kwanciya a bakin rijiyar da kuke sha, wannan ya fi taɓon yara zama abin damuwa. Aikin farko gangara ne. A ɗaure igiya daga yamma zuwa rariya, duk ƙafa 4 ƙasa ta sauka inci ɗaya. A ƙafa 20 kin ga inci 5 ke nan. A ɗaga bakin rijiya, a zagaye shi da siminti mai gangarowa waje. Nan ne wurin da siminti ya zama dole. Sauran duk zaɓi ne.

Bakano a Sabon Gari: Ikon Allah. Zage-zagi ga Samaru a bayan ɗakinku, cibiyar binciken noma tun 1922, amma alayyafon miya sai an kira taro. Hajiya bi maganar maigida, ki shafe ki shimfiɗa tabarma. Ganye kuma ga 'yan lambun bakin Kubanni da Galma nan, su ma su ci abinci.

Hajiya ta Gyallesu: Kai Bakano, ku da kuka shafe garinku kaf har ruwa ya rasa inda zai shiga sai ɗakunan mutane, kai ne mai ba da shawara? Maman 'Yan Biyu, ni gidan da aka shafe nake ciki, ki ji daga bakina. Watan Maris da Afrilu ba mai iya taka tsakar gidan nan ba takalmi bayan Azahar. Da dare mu fito shan iska, ƙasa tana huci har ƙarfe goma sha ɗaya, sai mun yayyafa ruwa kafin a shimfiɗa tabarma. Kuma bai daɗe ba ya tsattsage, tururuwa ta samu gida a tsagar. Daga baya sai da na sa aka fasa mini wani zirin a jikin katanga don in samu inda zan dasa lalle.

Ɗan Samaru: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, siminti da dutse suna shan zafin rana su riƙe, su dinga sakinsa da dare. Ƙasa mai ganye da laima ba ta yin haka sosai. Amma ni ruwan kwanon nan ne ya tsaya mini a rai. Ruwan saman da Zariya ke samu a shekara ya kai wajen milimita 1,000, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi yawansa a Agusta. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan rufin ɗakunanki biyu ya kai murabba'in mita 30, lita 30,000 ke nan take sauka a wannan 'yar tsakar gidan duk damina. Duro mai cin lita 200, cikinsa 150. Shi ya sa taɓo. A sa indararo a bakin kwanon, a kai shi duro, abin da ya yi saura a ba shi hanya zuwa rariya. Rabin matsalar ta tafi tun ba a taɓa bulo ba.

Maman 'Yan Biyu: Duro 150! Ashe ba laifin yaran ba ne. To ina zan sa shukar?

Ɗan Samaru: Wace katanga ce ba ɗaki a jikinta?

Maman 'Yan Biyu: Ta yamma, mai ƙafa 14 ɗin. Tsakaninmu da maƙwabci ce. Rijiyar tana kusurwarta ta arewa.

Ɗan Samaru: Kin yi sa'a. Gindin katangar yamma yana samun hantsi, bayan Azahar kuma inuwar katangar ta rufe shi. Ganye irin su alayyafo da latas da na'a-na'a abin da suke so ke nan lokacin zafi. Da katangar kudu ce da na ce a'a, don da hunturu rana ta karkata kudu, gindinta zai wuni a inuwa, a daidai lokacin da latas da karas da albasa suka fi yi.

Injiniya: Ina da gyara kafin a tafi da nisa. Kada a kuskura a tara ƙasa a jikin katangar kai tsaye. Na ga wannan a gidaje da yawa: a gina bulo layi ɗaya a gaba, a mai da katanga ta zama bayan kwamin shuka, a cika da ƙasa, a yi ta ban ruwa safe da yamma. Bulon siminti yana tsotsar ruwa. Bayan ɗan lokaci fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba, wani farin gishiri-gishiri ya fito, kuma ta ɗayan gefen yake fara nunawa, wato a gidan maƙwabci. Idan ɗakinsa ne a jikin katangar, rima ta shiga masa har ƙarƙashin gado. Abin da ke kai mutane gaban mai unguwa ke nan. Kwamin ya zama da bangonsa huɗu na kansa, a bar tazarar inci 6 tsakaninsa da katanga, a zuba tsakuwa a tazarar.

Baba Magini na Kwarbai: Injiniya ya yi gaskiya. Idan ma katangar ƙasa ce irin tamu ta cikin birni, ba inci 6 ba, sai a ja baya ƙafa biyu ko a haƙura. Ginin tubali ta gindi yake mutuwa, ba ta kai ba.

Bari in lissafa miki bulonki. Kowane bulo tsawonsa inci 18, tsayinsa inci 9. Layin farko: 6 a gaba, 6 a baya, ɗaya-ɗaya a tsakaninsu ta kai da ta ƙafa. Guda 14, tsawo ƙafa 9, faɗi ƙafa 3. Layi na biyu a juya: biyu-biyu a kai da ƙafa su hau kan kusurwa, 5 a gaba, 5 a baya. Shi ma 14. Kin ga bakin bulo bai faɗo kan bakin na ƙasa ba, kuma ba a sare ko ɗaya ba. Guda 28 ke nan, tsayi ƙafa ɗaya da rabi. A fara daga kusurwar kudu don a yi nesa da rijiya. Kada a shafe gindin kwamin, a bar shi ƙasa, a ma sassaƙe ta da diga kafin a zuba sabuwa. Saura 12: huɗu a ɗora duro a kai don bokiti ya shiga ƙarƙashin famfonsa, takwas a yi miki ɗan dakali wajen murhu.

Injiniya: Baba da siminti za a ɗaura su ai ko?

Baba Magini na Kwarbai: A'a. Layi biyu na inci 9 nauyinsa ya ishe shi.

Injiniya: Ranka ya daɗe a nan ban bi ka ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana turi, ga yara biyu da za su mai da shi wurin tsalle. Damina biyu layin sama ya fara buɗe baki. Ni da a ɗaura da kwaɓi, a bar 'yan ƙofofi a layin ƙasa inda ruwa zai tsiyaye.

Baba Magini na Kwarbai: Idan ramukan bulon suna kallon sama aka ɗura musu ƙasa aka danna, ba inda za shi. Wanda ya goce, hannu ɗaya ne a mai da shi. Wanda aka ɗaura kuwa ba tushe a ƙarƙashinsa, ranar da ƙasa ta motsa tsagewa zai yi daga sama har ƙasa, sai guduma. In dai za ka ɗaura to sai ka tona masa tushe, ka ga kuɗi ya ƙaru, maigida ya ce ai da ma na faɗa.

Injiniya: Na yarda da maganar tushe. To a raba: a jera a bushe, amma ramukan kusurwa huɗu a soka guntun rodi a cika da kankare.

Baba Magini na Kwarbai: Wannan ba laifi. Kwano biyu na kwaɓi ya isa.

Ɗan Haya a Hayin Dogo: Mu 'yan haya ko kusurwar ba ma ɗaurawa. Duk abin da ka kafa da siminti ya zama na mai gida, ranar tashi sai kallo. Nawa bulo takwas ne a bakin taga, a jere kawai. Abin da zan ƙara shi ne ramukan nan na sama kada a bar su banza. Kowane bulo rami biyu gare shi. Na'a-na'a idan kika sa ta cikin kwami sai ta mamaye kowa, saiwarta tana bi ta ƙarƙashi tana fitowa inda ba a gayyace ta ba. A ramin bulo kuwa ta shiga kurkuku. Ni rami ɗaya na'a-na'a, na kusa da shi ɗoɗɗoya, na gaba albasa mai lawashi. Illarsa ɗaya, ramin yana saurin bushewa, da bazara sai safe da yamma.

Hajiya ta Gyallesu: Ni tsorona kunama. Duk inda aka ce tarin bulo ko dutse a bushe, ga yara ƙanana suna tura hannu ko'ina. Wata 'yar uwata a Wusasa ta sa aka kawo mata duwatsu ta jera su zagaye da gwanda, abin gwanin kyau, ba a rufa wata uku ba aka fara kashe su a gindin.

Ɗan Samaru: Hajiya kogo take nema, ba dutsen ba. Wurin da yake da duhu da sanyi da ƙwari. Tarin fasassun bulon da yake zube yanzu a gidan maƙwabcinsu ya fi haɗari a kan wanda aka jera aka cike. Duk ramin da ba za a shuka komai ba a ɗure shi da ƙasa. In dutse ne, a nutsa kashi ɗaya cikin uku nasa a ƙasa, a cusa ƙasa a tsakani. Kuma ranar kwasar tarin nan a sa shebur, kada yara su taya.

Bakano a Sabon Gari: Ku sa kaji mana, su cinye kunamar.

Maman 'Yan Biyu: Su haɗa da alayyafon? Kaji uku gare ni, su ne ma abin da ya sa nake son kwamin ya yi tudu.

Ɗan Haya a Hayin Dogo: Anti ƙafa ɗaya da rabi ba ta hana kaza. Ki soka sanduna a ramukan bulon ki zagaya tsohon gidan sauro ko ragar waya har ganyen ya yi ƙarfi.

Inna ta Limancin Kona: Jikata ce take rubuta mini. Ina jin ku kuna ta siminti siminti. Mu da muka taso daɓe muka sani. A kawo tsakuwar marmara a baza, a jiƙa, mata su taru da madaɓi ana bugu ana waƙa tun safe, a yi ta yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ƙasa ta yi baƙi-baƙi tana sheƙi. Ba ya ƙona ƙafa. Mai gidan da za a yi wa daɓe ita ke yin fura da tuwo. Yanzu ko madaɓin ba na jin akwai mai shi a unguwarmu.

Baba Magini na Kwarbai: Allah ya ƙara lafiya Inna. Daɓe aiki ne, amma na ɗaki da rumfa ya fi daɗewa. A fili inda kwano yake zubar da ruwa sai an yi ta sabuntawa, ga masu bugun babu. Mutanen da sun san ƙasa ba kaɗan ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa da azara ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, yau ana neman shekara 190, bakan gizon rufinsa ya daɗe a tsaye a cikin ginin da aka lulluɓe shi da shi daga baya. Sirrinsu bai wuce su san inda ruwa zai bi su kauce masa ba.

To 'yata, fasassun jan bulon nan su ne maganin taɓonki. Ba duk filin za a rufe ba, inda ƙafa take bi kawai: daga ƙofar ɗakuna zuwa zaure, zuwa rijiya, zuwa murhu, da ƙarƙashin igiyar shanya. Bayan an gyara gangara a danne ƙasa sosai, a baza yashi mai kaifi inci 2, a ja katako a kai ya daidaita. A jera bulon biyu a tsaye biyu a kwance kamar saƙar tabarma, rabi-rabin su shiga gefe da kusurwa. A dinga bugawa da guntun katako, kada a sa guduma kai tsaye. Bakin layin kawai za a riƙe da siminti don kada su baje. Sai a zuba busasshen yashi a share shi da tsintsiya ya shige tsakani, a yayyafa ruwa, gobe a ƙara. Ruwa kaɗan zai nutse, mai yawa ya gangara.

Injiniya: Idan jan bulon bai isa ba intalok ma haka ake sa shi, kuma masu buga shi sukan sayar da waɗanda suka gutsure da sauƙi. Amma a duba jan bulon. A haɗa biyu a buga, wanda ya ƙonu sosai ƙara yake yi, wanda bai ƙonu ba sai ka ji dum, wannan damina ɗaya zai narke.

Hajiya ta Gyallesu: Ku faɗa mata gaskiya dai, ciyawa tana fitowa a tsakanin, kuma watan Agusta gansakuka tana kama inda rana ba ta kai wa. Tsohuwa ta taka ta zame, sai asibitin Shika.

Baba Magini na Kwarbai: Haka ne Hajiya. Tsintsiyar kwakwa da ɗan yashi ke kankare ta. Simintin da aka goge ya yi sumul ma ya fi santsi.

Maman 'Yan Biyu: Ƙasar da zan cika kwamin fa? Akwai jar ƙasar da aka fitar lokacin haƙa rijiya tana nan a waje.

Ɗan Samaru: Waccan a yi cikon gangara da ita, ba ta shuka ba ce. Ƙasar ƙarƙashi ce, idan ta bushe sai ta ƙanƙame. Ki nemi ƙasar saman gona kashi biyu, ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki kashi ɗaya, da ɗan ɓuntun shinkafa daga wajen masu inji don ta yi sako-sako. Takin ya zama wanda ya kwana biyu har ya daina wari da zafi. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Garar nan ce ma ta sa ban taɓa ba kowa shawarar yin kwami da katako a garin nan ba. Ƙasar bola kuma a yi hattara, bolar yanzu batir ne da leda da kwalba. Cikin kwamin ƙafa 7 da rabi ne da ƙafa ɗaya da rabi, baro biyar zuwa shida zai cika shi. In an yi ruwa biyu zai sauka, a ƙara.

Kuma don Allah idan mai baro ya ce zai kawo ƙasa da arha a tambaye shi daga ina. Ganuwar garin nan da haka aka cinye wurare da yawa nata.

Ɗan Haya a Hayin Dogo: Ruwan wanke-wanke fa? Ni da shi nake ban ruwa da rani.

Ɗan Samaru: Na ɗaurayar shinkafa da ganye da na alwala ba komai. Mai omo da bilic a'a, gishirinsa yana taruwa a ƙasa, balle a kwami ƙarami. Kuma duk abin da za a ci ɗanye kamar latas a ba shi ruwan rijiya. Duron kuma a rufe shi, sauro mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai.

Bakano a Sabon Gari: To tunda kun ƙi ji, a dasa mangwaro a tsakiya mu dinga zuwa sha.

Injiniya: A ƙafa 14? Saiwarsa ta ɗaga bulon, ta shiga rijiya, ta tsaga katangar maƙwabci. Shi da darbejiya ba na ƙaramin gida ba ne. Zogale ɗaya a kowane ƙarshen kwamin ya isa, a dinga sare kansa daidai kafaɗa don ya yi rassa, hannu ya kai, kuma kada ya yi wa na ƙasa inuwa. Idan ana son ƙari a hau sama: ƙusa a saman katanga, waya ta sauko, waken ɗanye ko soso ya bi. Ba ya cin fili ko taku ɗaya.

Mai Kula da Zaure: Masu turo tallan atamfa a tsakiyar magana, na goge. Ranar Juma'a ce ranar talla.

Maman 'Yan Biyu: Na karanta wa maigida tun daga farko. Da ya ji lissafin duro 150 ya yi shiru, da ya ga za a rage buhunan siminti kuma ya ce a gwada. Sharaɗinsa biyu: tsakiyar fili ta zauna fayau saboda baƙi da ranar suna, kuma babur ɗinsa ya samu hanya daga zaure zuwa rumfa. Ya ce in tambaya ko jan bulon zai ɗauki babur.

Baba Magini na Kwarbai: Zai ɗauka, in an danne ƙasan da kyau. Inda jakin babur ɗin yake tsayawa a sa faffaɗan dutse guda ɗaya, shi ne yake huda wuri. Ku gaya wa maginin ya fara da indararo da bakin rijiya, sannan gangara, sannan kwami, shimfiɗar bulo ita ce ƙarshe don kada baro ya bi ta kai. Kafin ya karɓi cikon kuɗinsa ki kwara bokiti uku daga gindin katangar yamma ki tsaya ki gani. In ruwan bai fita ta rariya da kansa ba, bai gama ba.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya bar zumunci. Ɗan Samaru, irin alayyafon wanne zan nema, mai faffaɗan ganye ko ƙananan nan? Kuma in jira damina ta tsaya ko in zuba yanzu?

Ɗan Samaru: Mai faffaɗan ganye, yana jure yanka ya sake tofowa. Ki gauraya irin da busasshen yashi kafin ki watsa don kada ya taru wuri ɗaya. Tunda kina da rijiya ba sai kin jira ba, amma ki bar ƙasar ta sha ruwa mako guda ta zauna tukuna. Zogalen kuma kada ki sayi iri, Hajiya ta Gyallesu ta san mai reshe.

Hajiya ta Gyallesu: Ki turo yaro da yamma, ya zo da adda.